Yadda Za Ka Gyara Jirgin Ruwanka da Kanka Ba Tare da Ka Kashe Garantin Inji Ba

Kawuna ya sayar da shanunsa, ya haɗa da kuɗin adashi, ya sayo sabon inji mai doki 40 a cikin kwalinsa. Ya ɗaura shi a bayan jirgin da yake jigilar mutane da buhunan albasa daga ƙauyukan tsallake zuwa kasuwar Yawuri. A wata na biyu inji ya fara wata ƙara daga ciki, ƙarfinsa ya ragu. Washegari kasuwa ce, ga fasinja sun riga sun kama wuri, sai ya kira bakaniken bakin ruwa, yaro mai hannu ƙwarai, ya shimfiɗa buhu a kan yashi ya kwance kan injin. Bayan kwana huɗu ƙarar ta dawo, ta fi ta farko. Da muka kai wa dila, bakanikensu bai ma tayar da shi ba. Ya sa yatsa a kan notunan, inda sifana ta goge fenti, ya ce, "Alhaji, wa ya buɗe nan?" Kawu ya sunkuyar da kai. Katin garanti yana aljihunsa, amma daga wannan lokaci ya zama takardar tsire.

Ban raina bakaniken bakin ruwa ba. Da babu su, da rabin jiragen tafkin Kainji da na tafkin Chadi suna kife a gaɓa. Abin da nake so mai sabon inji ya gane shi ne, aikin gyara kashi biyu ne: akwai wanda kamfani da kansa yake so ka yi da hannunka, akwai kuma wanda da zarar ka taɓa, ka yafe haƙƙinka. Ga yadda za ka raba su.

Mataki na 1: Tun a shago, kafin a ɗaga kwali

Garanti ba maganar baki ba ne. "Kada ka damu, in ya ba da matsala ka dawo da shi" ba ta da amfani ranar da matsalar ta zo. Ka karɓi abu uku: rasit mai kwanan wata, katin garanti da aka cike aka buga wa hatimi, da littafin inji. Ka duba lambar da ke kan ɗan farantin ƙarfe a jikin maɗaurin inji, wurin da ake matse shi a bayan jirgi, ka tabbata ita ce aka rubuta a rasit. Ka ɗauki hotonta a waya. Ko sata aka yi, da ita za ka nemi kayanka.

Sannan ka yi tambayoyin da mutane ke jin kunyar yi. Garantin na wata nawa ne ga wanda zai yi haya ko kamun kifi da injin? Kamfanoni kan ba mai sana'a lokaci gajere fiye da mai jirgin shaƙatawa, don haka kada adadin da ke jikin talla ya ruɗe ka. Ina bakanikensu mafi kusa da garinku? Wa zai biya kuɗin motar kai inji da dawo da shi? Yawanci kai ne, gara ka sani tun yau. Ka karɓi lambar bakaniken kansa, ba ta yaron shago ba.

In ɗan Beljiyam ka saya ko na hannu, babu zancen garanti. Ka nemi bakanike nagari ka riƙe shi, ka tsallaka zuwa mataki na 3.

Mataki na 2: Awa goma na farko

Nan mutane da yawa suke kashe injinsu tun bai san hanyar gida ba. Sabon inji irin wanda ake haɗa wa mai a cikin fetur, kamar Yamaha Enduro da ya cika ruwayenmu, yana bukatar a lallaɓa shi har ƙarafan ciki su saba da juna. A awa goma na farko ana ninka man haɗi: lita 1 a cikin fetur lita 25. Bayan nan a koma rabin lita a cikin lita 25, sai dai in littafin injinka ya faɗi wani awo, to nasa za ka bi. Minti goma na farko ka bar shi yana aiki a hankali. Sauran awar farko kada ka wuce rabin wuta. Har awa goman ta cika, kada ka riƙe shi a cikakkiyar wuta fiye da minti biyar a jere, kuma kada ka yi masa lodin ranar kasuwa.

Na san zafin wannan. Mutum ya ci bashi, yana so inji ya fara biya tun ranar farko. Amma fistin ɗin da ya ƙone saboda gaggawa yana da alamarsa, bakaniken dila yana ganinsa zai gane, kuma garanti ba ya biyan wannan.

In lokacin duba na farko ya yi, wanda ga irin wannan inji yakan zo bayan awa 10 ko wata ɗaya, ka kai wa dila ko ka biya bakanikensu ya zo, a buga maka hatimi. Ko da sau ɗaya za ka ga dila a rayuwar injin, to wannan ne.

Mataki na 3: Aikin da yake naka, kullum

Fetur. Mafi yawan "injina ya lalace" daga jarka yake farawa. Man bumburutu da ya kwana a buɗe yana ɗauke da ruwa da yashi. Ka tace shi da mazurari da kyalle mai tsabta, ka auna man haɗi da kwalba mai awo, ba da ido ba, ka zuba mai tukuna da ɗan fetur, ka girgiza, sannan ka cika. Ka sayi man da aka rubuta TC-W3 a jikinsa, shi aka yi domin injin da ruwa ke sanyayawa. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa, kada ya kusanci tankinka. Ƙaramin kofin filta da ke ƙarƙashin murfi, ka riƙa kwance shi kana zubar da ruwan da ya kwanta a gindinsa.

Fulogi. Cire shi, goge shi, canza shi, duk naka ne. Ka sayi mai lamba irin ta wanda ya zo da inji, ka fara ɗaura shi da yatsu kafin ka sa sifana, domin in ya shiga a karkace ya ci zaren kan inji, ka jawo wa kanka babban aiki. Launin bakinsa yana ba da labari: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari fat kuma inji yana zafi, ka tsaya ka bincika.

Tsartuwar ruwa. Duk lokacin da ka tayar da inji, ka waiwaya ka ga ɗan siririn ruwan nan da yake fesowa ta baya. Shi ne shaidar cewa famfon ciki yana aiki. In ya tsaya, kashe inji nan take. Sau da yawa leda ce ko kainuwa ta toshe ramukan shan ruwa da ke saman farfela, ko laka ta cushe bakin tsartuwar, ɗan siririn waya zai buɗe ta. Kuma kada ka yarda wani ya tayar da inji a kan tudu "don a ji ƙararsa". Robar famfon da ruwa take rayuwa, cikin ɗan lokaci kaɗan za ta ƙone in babu shi.

Farfela da man giya. A nan zan daɗe, domin masunta da yawa sun yi asarar giya gaba ɗaya a kan abin da bai kai a kira shi aiki ba. Ruwanmu cike yake da guntayen raga da zaren ƙugiya. Zaren nan yakan naɗe a bayan farfela, inda ido ba ya gani, ya yi ta matsewa har ya yanka robar da ke hana ruwa shiga giya. Duk sati ka zare fil ɗin da ke riƙe noti, ka cire farfela, ka warware abin da ya naɗe, ka shafa giris a sandar, ka mayar da sabon fil. Kafin ka sa hannu, ka cire wayar fulogi, ka toƙare farfelar da guntun katako. Man giya kuwa, mai lamba 90 ake sawa. Akwai noti biyu a gefen ƙafar inji, na sama da na ƙasa. Ka kwance na ƙasa, sannan na sama, mai ya tsiyaye. Ta ramin ƙasa ake ɗura sabo har ya ɓullo ta sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa. Ka dubi tsohon man da kyau. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Canza man naka ne, amma canza robar da ta yage, in garanti yana raye, kira dila.

Jikin jirgi. Katako, ƙusa, kwalta, toshe ɓaraka, wannan tsakaninka ne da kafintan jirgi, dilan inji ba ruwansa. Abu ɗaya kawai ya shafe shi: katakon da inji ke zaune a kai. In ya yi tsawo har ramukan shan ruwa suna leƙowa sama, inji zai yi zafi, laifin kuma naka ne.

Mataki na 4: Ka rubuta

Ƙaramin littafin makaranta ya isa. Kwanan wata, awa nawa aka yi a ruwa, me aka canza. Ko da ajami ne. Rasit ɗin mai da fulogi ka tara su a leda ɗaya da katin garanti, a gida, ba a cikin jirgi ba. Ranar gardama, mai takarda da mai rantsuwa ba ɗaya ba ne.

Mataki na 5: Inda za ka ajiye sifana

Kan inji, fistin, sandar tsakiya, cikin giya, da akwatin wuta: muddin garanti bai ƙare ba, hannun kowa kada ya shiga sai na dila. Alamomin da ke nuna matsala ta kai can ba ɓoyayyu ba ne: ƙarar ƙarfe daga ciki, igiyar tayarwa ta ƙi jawuwa ko ta yi sako-sako ba nauyi, giya tana zamewa, ɓarɓashin ƙarfe a cikin man giya, ko wuta ta ɗauke duk da sabon fulogi. Ka kashe inji, ka tuƙa da filafili zuwa gaɓa. Ka ɗauki bidiyon ƙarar in ka riga ka ji ta, ka tura wa bakaniken dila a WhatsApp.

Akwai aikin da ke tsakiya, kamar wanke kabireta ko canza robar famfo. Bakaniken bakin ruwa ya iya su sarai. Amma ka fara neman izini, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne. In dila ya ce a yi, saƙon nan shi ne kariyarka.

Mataki na 6: Ka yi lissafi da idon basira

Gaskiya ita ce dila yana birni, kai kana bakin ruwa. Kai inji da dawo da shi, da kwanakin da jirgi zai zauna ba aiki, kuɗi ne. To ka tambayi kanka, wannan matsalar garanti ma yana biyanta? Farfelar da ta daki kututture, irin waɗanda suka cika tafkin Kainji tun da ruwa ya rufe dazuzzuka bayan gina madatsar a 1968, garanti ba ya biya. Fulogi, filta, robar famfo da duk abin da ke cinyewa da aiki, ba ya biya. Ɓarnar gurɓataccen fetur, ba ya biya. Irin waɗannan, tafiya birni wahalar banza ce, ka sayi kaya na asali a gyara a gida. Amma in inji ya buga ba tare da ka yi masa laifi ba, kuɗin gyaransa zai iya cinye ribar damina guda. A nan ko sati biyu za ka yi a zaune, ka ari injin ɗan'uwa, ka kai naka.

Kuma kada lissafin ya tsaya a kuɗi. Wanda ya tuna jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, da yawan gidajen da aka yi zaman makoki, ba zai ɗauki mata da yara a kan injin da yake shakka ba, ko da kasuwar za ta wuce shi.

Mataki na 7: In inji ya faɗa ruwa

Garanti ba ya biyan wannan, kuma jira shi ne ke kashe injin, domin tsatsa tana farawa da zarar ya sha iska. Ka wanke laka da ruwa mai tsabta, ka cire fulogi, ka juya injin ramukan fulogin su kalli ƙasa ruwa ya fita, ka tsiyaye fetur ɗin kabireta, ka zuba man haɗi ta ramukan kana jan igiya a hankali. In igiyar ta cije, kada ka tilasta, yashi ya shiga. Kada ka tayar da shi sai bakanike ya duba, a ranar in da hali.

Mataki na 8: Ranar kai wa dila

Ka tayar da injin tsaye ruwan ciki ya tsiyaye kafin ka kwantar da shi, kuma a cikin mota kansa ya fi farfela tudu, don kada ragowar ruwa ya gangara cikin inji. Ka tafi da rasit, kati da littafinka. Ka faɗi gaskiyar abin da ka taɓa, domin notuna za su faɗa ko kai ka ɓoye. Kada ka bar shagon sai an ba ka takarda mai lambar inji, da abin da ka kawo ƙara a kai, da ranar da za ka dawo. In an ce garanti bai shafi matsalar ba, ka ce a rubuta maka dalili, a kuma nuna maka ƙarfen da ya lalace da idonka. A Najeriya dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, tana karɓar ƙorafi in magana ta ƙi ƙarewa a shago.

In an fara aikin kuwa, ka roƙi a bar ka ka tsaya a gefe, ko ka tafi da yaron da ke tuƙa maka jirgi. Ya ga yadda ake jera notuna bi da bi, da yadda ake ɗaure su da sifana mai awo, da inda ake sa sabon gaskit. Wata 'yan kaɗan ne suka rage garantin ya ƙare, daga nan kuma buhun nan na kan yashi za a koma shimfiɗawa.