Yadda ake sa kotun ɗaukaka ƙara ta duba fayil ɗin ɗan sanda a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, fayil ɗin aikin ɗan sanda galibi a kulle yake. Mabuɗinsa buƙatar da lauyoyi ke kira Pitchess, sunan da ta samo daga hukuncin Kotun Ƙolin jihar na 1974. A kotun farko ake shigar da ita, lauyan ɗaukaka ƙara kuwa sawun abin da aka yi a can yake bi.

In kai ne lauyan ɗaukaka ƙarar, fara da duba ko an shigar da ita. Sashe na 1043 na dokar shaida yana son sunan jami'in, irin bayanan da ake nema, da takardar rantsuwa mai nuna dalili. Ba sai dalilin ya yi nauyi ba. Tun hukuncin Kotun Ƙolin jihar a shari'ar Warrick na 2005, ya isa a kawo bayani mai yiwuwa na yadda jami'in ya yi ƙarya ko ya wuce gona da iri, a haɗa shi da kariyar wanda ake tuhuma. In alƙali ya ƙi buɗe fayil ɗin duk da haka, ka samu hujjar ɗaukaka ƙara.

In kuwa ya buɗe, a ofishinsa ya yi, lauyan wanda ake tuhuma ba ya wurin. Tabbatar rubutaccen bayanin wannan zama, wanda aka rufe, ya isa kotun sama. In bai isa ba, nemi a ƙara shi. Sannan a takardar hujjojinka ta farko roƙi alƙalai su karanta da kansu. Kai ba za ka gani ba, lalube ne cikin duhu, amma kada ka bar roƙon.

Ma'auninsu hukuncin Mooc na 2001. Dole mai ajiyar fayil ya kawo duk takardar da ka iya shafar batun, ya faɗi wadda ya bari da dalilinsa, alƙali kuma ya ajiye kwafi ko jerin abin da ya duba. Nan aka fi yin tuntuɓe: a manta da rantsar da mai ajiyar, ko alƙali ya ce "babu komai" bai rubuta abin da ya gani ba.

Ko an gano kuskure, kada ka yi wa wanda kake karewa alkawarin sakinsa. Bisa hukuncin Gaines na 2009, ana soke hukunci ne bisa sharaɗi, a mayar wa kotun farko ta sake dubawa. In bayanai sun fito, yawanci sunaye da adireshin waɗanda suka taɓa kai ƙorafi, sai wanda kake karewa ya nuna cewa da an samu tun farko akwai yiwuwar sakamakon ya canja. In ya kasa, hukuncin ya dawo daram.

Tun Janairun 2019 dokar SB 1421 ta buɗe wa kowa bayanan harbi da na rashin gaskiyar da aka tabbatar a kan jami'i. Waɗannan a hukumar 'yan sandan ake nemansu kai tsaye.