Shawara ga masu neman tallafin karatu

Jama'a, kafin ku fara cike fom, ku tanadi takardunku a waya: sakamakon jarrabawa, takardar haihuwa, hoton fasfo, da wasiƙar shaida daga malami. Malaman nan ba sa rubuta wasiƙa a rana ɗaya, ku roƙe su tun da wuri.

Na ga ɗalibai da yawa sun rasa dama saboda sun jira daren ƙarshe, intanet ta yi musu tsiya. Chevening ta Birtaniya da DAAD ta Jamus duk a shafinsu na asali ake nema, kyauta. Duk wanda ya ce sai ka biya shi kafin ya “saka sunanka”, ɗan damfara ne, ko da takardarsa tana da tambari.