Yadda Ikilisiya Za Ta Bi da Addu'a da Gafara Bayan Hari

Duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan bam ɗin Madalla a Kirsimetin 2011, ko shekarar 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, aka kuma tarwatsa hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) a Kwarhi, ya san tambayar da ke jiran fasto bayan jana'iza: yaushe za a ta da maganar gafara? Ba a makon farko ba.

Makon farko na binne gawa ne, da neman waɗanda suka ɓace, da abinci. Dattawa su raba gidajen da abin ya shafa, kowane gida a ba shi mutum biyu masu zuwa kullum. Zumuntar mata ta kai hatsi, itace da ruwa. Mai gaisuwa ya zauna, ya rage magana, addu'arsa kada ta wuce minti biyu. Ku guji ce wa matar da aka kashe mijinta a gabanta "nufin Allah ne", domin abin da kunnenta zai ji shi ne Allah ne ya aiko makasan.

Sujadar Lahadin farko ta kuka ce. A karanta Zabura 10, 13 ko 88. Ta 88 ta ƙare cikin duhu, babu kalmar ta'aziyya ko ɗaya, kuma a bar ta haka, kada mai wa'azi ya yi mata ƙari. Da izinin iyalai, a kira sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuka ya kece masa, a bar shi ya yi.

Daga mako na uku ko na huɗu a kafa ƙananan ƙungiyoyi na mutum shida zuwa goma, maza dabam, mata dabam, domin macen da aka ci wa zarafi ba za ta buɗe baki gaban maza ba. Zama sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi. Jagora ya yi tambaya uku kawai: me ya faru, yaya kika ji, mene ne ya fi miki ciwo? Ba dole kowa ya yi magana ba, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita. A nan ne ake yawan ɓata aikin: mutum na tsakiyar labari sai a ce masa "yi haƙuri", shi ke nan an rufe masa baki, ciwon ya koma ciki.

Sai zuciya ta sauke kaya ake kawo Luka 23:34, inda Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, da addu'ar Istifanus a Ayyukan Manzanni 7:60. A fayyace wa mutane cewa yafewa ita ce barin ramuwa a hannun Allah, kamar yadda Romawa 12:19 ta koyar. Ba ta hana kai ƙara ko ba da shaida, domin Romawa 13:4 ta ɗora wa hukuma hukunta mugu. Ba ta nufin mantuwa, ko komawa ƙauyen da babu tsaro. Wanda bai iya ba tukuna, ya fara da cewa, "Ya Ubangiji, ban iya ba, ka sa in so." Wani zai ɗauki wata uku, wani shekaru, kuma fushin kan dawo ranar da abin ya zagayo. Kada a kira kowa gaban majami'a ya furta ya yafe: kunya za ta sa ya faɗa, zuciyarsa kuwa tana nan a ƙulle.

Samari su ne abin kula. Fushinsu kan sauka kan maƙwabci Musulmi wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba. A tuna musu cewa 'yan Boko Haram, masu kai irin waɗannan hare-haren, sun ta da bam a babban masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, ana sallar Juma'a. A ba su aikin hannu: gyaran rufin gidajen da aka ƙone, noman gonakin gwauraye.

Wanda ya wuce wata guda ba barci, yana firgita da ƙarar babur, ko ya koma shaye-shaye, a haɗa masa addu'a da likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. Wanda kuwa ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar nan.