Yadda ake cafke kuskure a PHP ba tare da an haɗiye shi ba

Yawancin samarin da ke koyon PHP, harshen rubuta manhajar shafukan intanet, a nan Aboabo da Asawase na Kumasi, aikin da ya fara kawo musu kuɗi shi ne shafin ɗan kasuwa: mai atamfa a kasuwar Kejetia yana son a riƙa yi masa oda ana biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. A irin wannan aikin ake gane wanda ya iya try da catch, wato hanyar cafke kuskure, da wanda ya haddace su kawai. Yadda ake rubuta su ba sai na koya maka ba.

Fara da duba wane PHP ne a sabar da ka yi haya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, don mai arha takan bar mutum a kan tsoho. Daga PHP 8, wanda ya fito a Nuwamban 2020, PDO, mai haɗa PHP da ma'ajiyar bayanai, da kansa yake jefo exception, wato sanarwar kuskure da catch ke cafkewa, idan umarnin SQL da aka tura wa ma'ajiyar ya lalace. Kafin nan shiru yake yi, ya dawo maka da false. Ni dai ko a kan 8 nake, sai na rubuta PDO::ERRMODE_EXCEPTION da hannuna, layi ɗaya ne, ba ya cin ko sidi.

Sai ka san cewa catch (Exception $e) ba ya kama komai da komai. Tun PHP 7 na 2015 akwai wani dangi daban mai suna Error, irin su TypeError, kuma ta gefen wancan catch ɗin suke wucewa. Throwable ne ke haɗa su duka. Amma wuri ɗaya nake yarda a sa shi, can a ƙofar shiga, cikin set_exception_handler, ya rubuta abin da ya faru ya nuna wa mai saye shafin ban haƙuri.

Yanzu ga inda yara ke faɗuwa. Za ka ga an lulluɓe curl_exec, wanda ke tura buƙata zuwa sabar kamfanin biyan kuɗi, da try, an koma gefe hankali kwance. To curl ba ya jefo komai. Idan layi ya yanke, false zai ba ka, catch ɗinka na zaune bai san an yi ba. Kai ne za ka duba, ka jefa da kanka:

if ($amsa === false) throw new RuntimeException(curl_error($ch), curl_errno($ch));

Ka sa CURLOPT_TIMEOUT kuma, don idan ba ka sa ba curl ba shi da iyakar jira. A cikin lambobin kuskure da curl_errno ke bayarwa, lamba 28 ita ce ta ƙarewar lokaci, kuma kada ka kuskura ka haɗa ta da sauran. Rashin jin amsa daban, rashin biya daban. Mai yiwuwa Hajiya mai saye ta riga ta danna lambar sirrinta, an cire mata sidi 300, amsar ce kawai ba ta iso ba. Idan catch ɗinka ya rubuta "biya ya gaza" ya sake tura buƙata, sai a cire mata sau biyu, kuma wayarka mai shago zai kira da asuba. Saboda haka ka yi wa wannan yanayin exception nasa na kansa. Idan ka cafke shi, ka sa odar a matsayin "ana jira", ka adana lambar cinikin, daga baya ka tambayi kamfanin biyan kuɗin yadda aka ƙare.

Haka json_decode yake, mai karanta amsar da ta zo a tsarin JSON. Wata rana saba za ta aiko shafin HTML maimakon JSON, shi kuma ya ba ka null bai ce uffan ba. Sa masa JSON_THROW_ON_ERROR, akwai shi tun 7.3.

Catch da babu komai a cikinsa kuwa, wannan ba na karɓarsa daga kowa. Rufe miki ne da tsumma. Ko ka gyara matsalar a nan, ko ka rubuta ta da error_log tare da getMessage, getFile da getLine, ko ka sake jefa ta sama. Mabuɗin API dai, wato lambar sirrin da kamfanin biyan kuɗi ya ba ka, kada ya shiga wannan rubutun. A sabar da jama'a ke shiga, display_errors a kashe, log_errors a kunne.

Sauran ba wuya. Idan kana rage kaya a rumbu kana rubuta oda lokaci guda, buɗe beginTransaction, a cikin catch ka kira rollBack ya mayar da komai yadda yake, sannan ka sake throw. Rufe fayil da sakin makulli su tafi cikin finally, wanda ke gudana ko an yi kuskure ko ba a yi ba. Kafin ka miƙa aiki, ka cire intanet ɗin kwamfutarka ana tsakiyar biya, ka buɗe teburin oda ka ga me aka rubuta.