Darasi na 9: Ɗinki da zaren zinariya

Ranar hawan salla, in dawaki suka taru a ƙofar fadar Sarkin Damagaram cikin Birni, walƙiyar alkyabba da jalala ce ke fara ɗaukar ido. Aikin hannu ne, kuma ku ma za ku iya.

Ku warware bakin zaren ku duba. A ciki akwai zaren auduga ko siliki, an naɗe shi da wani siririn abu mai ƙyalli. A da azurfa ce ta gaske, wani lokaci da ruwan zinariya a kanta. Yawancin na kasuwa yau leda ce mai ruwan ƙarfe. Ko wanne ne, naɗin nan ba ya jure gogayya: in kuka riƙa shiga da fita da shi cikin yadi, sai ya kwaye ya bar farin zare tsirara.

Saboda haka mai kauri ba a huda yadi da shi, shimfiɗa shi ake yi a bisa. Ku ɗame yadin sosai, karan-miski ko shadda mai jiki, ku zana fure da alli. Ku kwantar da zaren zinariya biyu a jere kan zanen. Sannan ku zura siririn zare mai launin ɗorawa a allura, ku goga masa kakin zuma, ku riƙa haye su da shi kuna ɗaurewa, tazarar rabin santimita. Wurin lanƙwasa ku matso da ɗaurin kusa-kusa, nan ne ake gane gwani. In kun zo layi na biyu, ɗaurinsa ya faɗa tsakanin na farko, kamar jerin bulo a gini. Kada ku ja da ƙarfi, yadin zai tattare. Bakin zaren kuwa, ku saka shi a allura mai babbar kafa ku tura shi baya, ku kama shi a can.

Siririn zaren zinariya kuwa ana iya ɗinki da shi kai tsaye, amma kada tsawonsa ya wuce kamu ɗaya.

Ina roƙonku ku gaya wa mai kaya gaskiya tun kafin ya tafi: kada a kai wa masu bugu, kada dutsen guga ya taɓa fuskar aikin, a juya a goge ta baya. Zufa da turare suna dusashe azurfa.

Aikin gida: ku zana harafin farko na sunanku a ƙyalle, ku bi shi da zare biyu, ku kawo mu gani.