Yadda Ake Buga Eriyar NFC da Tawadar Azurfa

Mai sana'ar buga zane a jikin riga a Shomolu, unguwar da ta yi suna da madaba'o'i a Legas, yana da rabin kayan buga eriyar tambarin NFC, wanda ake manna wa kwalin kaya don waya ta karanta, a shagonsa, wato firam mai raga da robar jan tawada. Abin da ya rage shi ne tawada mai ɗaukar lantarki, da kuma sanin cewa a nan ba kyawun zane ake nema ba, wucewar lantarki ake nema. Ina ganin 'yan'uwanmu da ke sayar da turare da kayan abinci a Agege da Mile 12 za su amfana, domin kwalin da waya za ta iya karantawa yana da wuyar kwaikwayo ga masu jabun kaya.

Da farko a zaɓi irin eriyar. Tambarin NFC, wanda wayoyin zamani da yawa ke karantawa idan an kusantar da su, yana aiki ne a kan megahaz 13.56, kuma eriyarsa zagaye ce mai murɗe-murɗe. Ɗaya nau'in, tambarin UHF, yana aiki tsakanin megahaz 860 da 960, yana kai nisan mitoci, sai dai yana buƙatar na'urar karatu ta musamman, don haka mai farawa ya fara da NFC. Cif, wato ƙaramar na'urar da ke riƙe bayanan tambarin, samfurin NTAG213 na kamfanin NXP ya dace, kuma ana zana masa eriya mai kimanin mikrohenri 2.75 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisun murɗin eriya) domin su yi daidai da juna.

Sai tawada. Ta azurfa ake amfani da ita, ko da yake tana da tsada, domin ta kabon tana tare lantarki fiye da yadda eriya za ta jure. A buga a kan ledar PET, wato irin robar gorar ruwa, ko takarda mai santsi, saboda kwali mai laushi yana shanye tawada, layukan su yi gibin da ido ba ya gani. A motsa tawadar sosai kafin a zuba, domin azurfar tana kwanciya a ƙasan gwangwani, sannan a ja robar sau ɗaya da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Gasa tawada a oban shi ne matakin da ya fi lalata aiki. Yawancin tawadar azurfa ta PET tana son zafi tsakanin digiri 120 da 150, na tsawon mintunan da mai tawadar ya rubuta, kuma a wannan lokacin ne ruwan cikinta ke fita, ƙwayoyin azurfar su haɗu da juna. Danshin Legas yana jinkirta bushewa a iska, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi aikin ya tashi a banza, don haka a tayar da janareta tun kafin a sa a oban. Bayan eriyar ta huce, a gwada ta da mitar lantarki daga baki zuwa baki. Idan adadin om, wato ma'aunin yadda layi ke tare lantarki, ya yi yawa, to tawadar ta yi siriri ko ba ta gasu ba, kuma kada a ɓata cif a kanta.

Bakin eriya ɗaya yana ciki, ɗaya yana waje, saboda haka sai an buga tawadar da ba ta ɗaukar lantarki a kan layukan, ta bushe, sannan a buga gadar azurfa a samanta domin bakin biyu su iso wurin cif. Daga nan a manna cif da gam mai ɗaukar lantarki, a gwada da waya ta manhajar NFC Tools. Idan kwalin yana da shimfiɗar alminiyom a ciki, a sa takardar ferayit, mai kare eriya daga tasirin ƙarfe, tsakaninsa da tambarin, in ba haka ba wayar ba za ta karanta komai ba.