Kar ku binne saiwar ayris

Jama'a masu aikin lambun furanni nan Ingila, saiwar furen ayris (iris) ɗin nan mai kama da ɗanyar citta kar ku turbuɗe ta duka, ku bar bayanta a waje rana ta dinga dukanta. Zafin ranar ne ke sa ta fure baɗi, in ta nutse cikin laima ruɓewa take, ni sai da na yi asarar fangali guda na gane.

Duk shekara 3 ko 4, wajen Yuli ko Agusta, ku tono ku rarraba, ku yar da tsohuwar tsakiyar. Ga iri kyauta.

Amma fa banda ayris ɗin Saiberiya, ita danshi take so, a rufe ta da ƙasa.